Ina Ne Gidan? Martani Ga Masu Raina Gurasar Jos

Na san an kwana biyu ba a ji ɗuriyata ba. Hidimar biki ce ta sha kaina, domin kuwa mun aurar da ɗiyar ƙanwata a Unguwar Rogo, kuma duk wanda ya aurar da 'ya a wannan zamani ya san ba a fita daga ciki da sauran ƙarfi ko sauran kuɗi. To a wurin walimar wannan biki ne aka yi wata 'yar magana da har yau ta ƙi barin raina, shi ya sa na ce bari in amayar da ita in huta. Wanda zai ji haushi ya yi haƙuri.

Muna zaune a rumfa bayan an shafa fatiha, sai aka fara fito da abinci. Ga masa da miyar taushe, ga gurasa an yi mata bandashe, ga alkaki a faranti. Wani dattijo abokin zamanmu, wanda ba zan kama sunansa ba don yana da girma a idona, ya gutsuri gurasar nan ya tauna, ya yamutsa fuska, ya ture farantin gefe ya ce, "Kai, mutanen Jos dai ba su iya gurasa ba. Wannan ai ba kamar ta gida ba ce." Na ce, "Alhaji, ina ne gidan?" Ya dube ni kamar na tambaye shi ina ne gabas, ya ce, "Kano mana." Jama'a suka yi dariya, wasu na gyaɗa kai, wani ma ya ƙara da cewa ai ko fura ce in ba ta gida ba sai haƙuri.

Ni ban yi dariya ba. Alhajin nan a Gangare aka yanke masa cibiya. Mahaifinsa ma a garin nan aka haife shi, a garin nan aka binne shi. In ka tattara duk kwanakin da Alhaji ya yi a Kano tun da yake, na ɗaurin aure da na ta'aziyya da na sarin kaya a Kantin Kwari, wallahi ba za su cika wata shida ba. Amma wai "mutanen Jos" ne ba su iya gurasa ba. To shi mutumin ina ne?

Da shi kaɗai ne da ban ɓata lokacinku ba. Cuta ce da ta kama mu da yawa. Kilishi ba kamar na gida ba, fura ba kamar ta gida ba, burodi ba kamar na gida ba, har yaron da bai taɓa wuce Mista Ali ba sai ka ji yana faɗa, don ya ji manya na faɗa.

Bari in fara da abin da ba zan yi musu a kai ba, kada a ce son kai ne ya rufe mini ido. Gurasar Kano ta fi tamu. Na ci ta da zafinta a Jakara, an ciro ta daga tanderu ke nan, gefenta ya ɗan ƙone, tana ƙamshin hayaƙin kara, kuma ban taɓa cin irinta a Jos ba. Amma wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin abin. Kano ta daɗe tana hulɗa da Larabawan da ke ƙetaro Sahara daga Tarabulus da Gadamas tun kafin a san za a yi wani gari wai shi Jos, kuma yawancin abincinmu na alkama ta wannan hanya ya shigo. Sunayen ma sun isa shaida: alkama, gurasa, alkaki, alkubus, duk asalinsu Larabci ne. A unguwannin cikin Birni akwai gidajen da sana'arsu ke nan kaka da kakanni, uwa ta koya wa 'ya, 'ya ta koya wa jika. Sannan ga kasuwa. Mai gurasa a Kano tana gasawa ana kwashewa, ba ta kwana. Tamu a nan ta gasa kaɗan, ta jira mai saye, kafin a zo ta huce ta yi tauri. Wanda ke yin abu sau ɗari a rana ai dole hannunsa ya fi na mai yi sau goma faɗawa.

Akwai kuma abin da ba hannun mutum a ciki. Jos tana kan tudu ne, kimanin mita 1,200 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. A irin tsayinmu ruwa yana tafasa ne tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba, wajen digiri 96 maimakon 100, shi ya sa wake ke daɗewa a wuta a nan, matanmu su yi ta zargin waken alhali laifin dutse ne. Kwaɓin fulawa kuma abu biyu ke jan sa: ƙarancin nauyin iska yana sa shi saurin kumbura ya sace, sanyi kuma yana hana yis aiki. Duk wanda ya tashi a gidan da ake masa ya san wannan ko bai je makaranta ba. Ina tuna Innarmu, Allah ya jiƙanta, in hunturu ya kama a watan Disamba, ƙullun da za a soya da asuba sai ta naɗe roban da tsohon bargo ta ajiye kusa da murhu, wani lokaci ma ta shigar da shi ɗakin da muke kwana, mu kwana da warin tsami a hanci. Ƙanwarta da ke aure a Fagge ba ta taɓa yin wannan wahala ba, ita tsoronta kada ƙullu ya wuce gona da iri kafin gari ya waye. Haka kilishi. Nama ne da ake shanyawa a rana, a tsoma a labu, a sake shanyawa, kafin a kai shi wuta. A Kano ko Maraɗi rana ta gama maka aikin cikin 'yan awoyi. A Jos kuwa daga Afrilu zuwa Oktoba sama na zuba, wani lokaci kwana uku ba ka ga rana ba, ga hazo ya rufe gari. Mahaucin da ya fitar maka da kilishi mai kyau a watan Agusta a garin nan ya cancanci ka cire masa hula, ba ka tsaya kana gaya masa na Agadasawa ya fi ba.

To na yarda, an fi mu gurasa. Sai me? Wane gari ne ya haɗa komai? Na taɓa zuwa Maraɗi, na zauna teburin mai shayi na ce a ba ni burodi, aka miƙo mini wani dogo kamar sanda, bayansa tauri cikinsa iska, ba sukari ko kaɗan, irin wanda Faransa ta bar musu. Da ƙyar na haɗiye shi. Su kuwa suna tsaga shi su zuba wake ko ƙwai suna santi, kuma in ka ba su namu sai su ce wannan ai kek ne, ba burodi ba. Hausawa ne kamar mu, ba wanda ya taɓa jin sun ba wani haƙuri don burodinsu bai yi kama da na Kano ba. Mutumin Legas yana alfahari da burodin Agege mai danƙo da nauyi. Bazazzagi ana tsokanarsa da fate tun fil azal, bai fasa sha ba, bai kuma ce na gida ya fi ba, don shi ya san inda gidansa yake. Mu kaɗai ne muke cin abincinmu muna neman afuwa.

Alhali da me aka fi mu in aka bar zancen gurasa? Ku zo mu yi zancen masa. Ni dai ban ga inda ake masa ta fi ta wannan yanki namu ba, mu da maƙwabtanmu na Bauchi: ta shinkafa zalla, fara sol, cikinta laushi kamar auduga, gefenta ya soyu yana ƙaras-ƙaras. 'Yan uwanmu na Kano in sun zo biki waina suke ce mata, amma ita suke fara tambaya, kuma ita suke ƙullewa a leda in za su koma. Wannan masa ba daga sama ta faɗo ba. Lokacin da Turawa suka buɗe haƙar kuza a farkon ƙarnin da ya wuce, aka ja ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso nan a 1914, maza suka yi ta kwararowa barikokin kuza daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, wasu da ƙafarsu don neman kuɗin haraji, wasu kuma an koro su aikin tilas tsakanin 1942 da 1944, da yawa sanyi da cuta suka kashe su. Gwauraye ne mafi yawansu. Wa ya ciyar da su? Mata irin kakata, wadda ta biyo mijinta daga ƙasar Kazaure ta kafa tanda a bakin bariki, tana soya masa da ƙosai tun kafin kiran assalatu don leburori su samu abin karyawa kafin su shiga rami. Da kuɗin tandar nan aka sayi filin gidan da aka haife ni. Saboda haka in wani ya ce abincin Jos ba na gida ba ne, ni kakata yake zagi, ko ya sani ko bai sani ba.

Ga kuma abin da ƙasar ke bayarwa. Dankalin turawan da ake soyawa da ƙwai a gidajen masu hali a Kano da Abuja, mafi yawansa daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi yake fitowa. Ka je kasuwar Farin Gada da safe ka ga yadda ake loda kabeji da karas da koren wake da tattasai a manyan motoci ana yin kudu da arewa da su. A wajen Vom har sitiroberi ake nomawa, abin da a wasu garuruwan sai a hoto. A Vom ɗin nan dai, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun tsakiyar shekarun 1920, an yi man shanu irin na Turawa da cuku tun zamanin mulkin mallaka. Biskit da kwanfilas na NASCO, wanda yaran Arewa suka tashi da shi, a Anglo-Jos ake yin sa, kamfanin da aka kafa a 1963. Acca kuwa, wadda da muke gani abincin mutanen ƙauye ne, yau masu ciwon sukari a Kano aike suke a sayo musu mudu-mudu daga nan. Kuma saboda garin ya tara Turawa da Kwarori da Yarbawan Ogbomosho da Inyamurai tun da wuri, matan Jos sun riga na wurare da yawa iya kek da donat da cincin. Duk wanda ya auri 'yar Jos ya kai ta wani gari ya san abin da nake faɗa. Ban taɓa jin wani a rumfa ya ɗaga dankali ya ce wannan na gida ne ba.

Wani zai ce, Malam, duk wannan dogon turanci a kan gurasa? Ai wasa Alhaji yake. To a wani gari wasa ne. A Jos kalmar "gida" ba abin wasa ba ce, kuma kowa a cikinmu ya san haka. Tun da gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ake ja-in-ja a kan wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. A kan naɗin muƙami aka yi rikicin Afrilun 1994. A kan irin wannan tambaya wutar 7 ga Satumba 2001 ta tashi, ta sake tashi a Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi, ta kuma tashi a Janairun 2010. An rasa rayuka a kowane ɓangare, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, kada ya maimaita mana. Yaranmu nawa ne suka gama sakandare suka tsaya cak saboda takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma? Dattawanmu sun je gaban kwamitocin bincike ɗaya bayan ɗaya suna cewa nan ne garinmu, a nan aka binne iyayenmu, ba mu da wani wurin. Sannan mu dawo rumfar biki, a gaban yaranmu, a gaban maƙwabtan da muka gayyata, mu ce da bakinmu gida Kano ne. Wanda ke ce maka baƙo ai ba ya buƙatar lauya, ka gama masa aiki.

Abin dariya kuma, je ka Kanon. Je ka ce a ba ka takardar ɗan ƙasa. Za a ce ka kawo mai unguwa, ka nuna gidan ubanka. Kana buɗe baki za a gane ka, a ce, "A'a, ɗan Jos ne," a yi ta kwaikwayon Hausarka ana dariya. Na sha ganin haka da idona, ni kaina an yi mini. Ka zama jemage ke nan, tsuntsaye sun ce ba nasu ba, dabbobi sun ce ba nasu ba, kai kuma kana rataye kana yabon gurasar mutane. Ba ina cewa mutum ya manta asalinsa ba ne. Ni ma ina zuwa Kazaure, ina da dangi can, ina kuma son su. Amma asali daban, gida daban.

In dai kukan abinci za mu yi a garin nan, akwai kukan da ya kamata mu yi, kuma ba shi da alaƙa da Kano. Bambancin da ya fi damuna ba tsakanin Jos da Kano yake ba, tsakanin Jos da Jos yake. Waɗanda suka girme wa shekara talatin da biyar za su tuna babbar kasuwar Taminus kafin ta ƙone a Fabrairun 2002. A zagaye ɗaya za ka sayi acca a hannun matan Birom, ka sayi manja da garin kwaki a hannun Inyamurai, ka sayi elubo wurin Bayarabiya, ka sayi nama wurin mahautanmu, ka fito bakin titi ka ɗauki burodi mai zafi. Babu mai tambayar sunanka. Fiye da shekara ashirin aka yi ana alkawarin sake gina ta, gwamnati na zuwa tana wucewa. Bayan rikice-rikicen nan gari ya rabe, kowa ya koma cikin nasa, kasuwanni suka bi sahu. Akwai gidan burodin da muka tashi muna ci, na wani mutumin kudu, wanda yaransa ke kawowa unguwarmu a kan keke kowace yamma. Bayan 2008 keken bai sake shigowa ba. Ba faɗa muka yi da shi ba, ba kuma burodinsa ne ya lalace ba. Tsoro ne kawai, yaron da zai kawo yana tsoro, mu da za mu je saye muna tsoro. Tafiyar minti goma sha biyar ta fi ta Kano nisa.

Innarmu tana da ƙawa, wata mata 'yar Birom da suka yi zaman kasuwa tare shekara da shekaru. In Kirsimeti ta zo sai ga kwano daga gidanta, shinkafa da cincin, kuma saboda ta san mu, kazar ma Musulmi take kira ya yanka. In Sallah ta zo Inna ta aika mata masa da nama. A tsakanin haka, in ta ga dama, sai ta aiko da gwaten acca, an zuba masa alayyafo da yakuwa da gauta, yana tururi, a sha shi da safe cikin sanyin nan ka ji gumi ya karyo maka. A Janairun 2010, da aka sa dokar hana fita ba dare ba rana, babu burodi, babu mai shayi, babu mai ƙosai, abin da ya riƙe gidanmu kwanakin nan shi ne ragowar accar da matar nan ta aiko mana da kaka, da rabin buhun dankali. Gurasar Jakara ba ta zo ta cece mu ba. Yau matar ta koma can bayan gari cikin danginta, Inna ta rasu, kwano ya daina yawo. 'Ya'yana ba su taɓa shan gwate daga hannun masu shi ba, ƙaramin ma da na ba shi labari cewa ya yi, "Baba, ai wannan abincinsu ne." Na tabbata a can ma akwai yaron da ke faɗin haka a kan masa. Ko wurin cin abincin ma bai tsira ba: a ranar 5 ga Yulin 2015, cikin azumi, bam ya tashi a gidan abinci na Shagalinku da ke titin Bauchi, a daren da aka kai hari masallacin 'Yan Taya. Wannan shi ne abin da ya sami abincin Jos. Amma ba ka jin ana tattauna shi a rumfa, sai dai taurin gurasa.

Yanzu bari in juyo kan masu sana'ar namu, kada su ɗauka na zo wanke su ne. Burodin da ake sayarwa a yawancin teburan shayi a unguwanninmu abin kunya ne. Ka ɗauko shi ƙato kamar matashin kai, ka matse shi a hannu ya koma kamar ƙwallon fura. Zaƙin sakarin ya bi ka har azahar. A ƙunshe shi a leda tun da zafinsa, ya yi gumi, kafin kwana biyu ya yi tsami. Hukumar NAFDAC ta haramta sinadarin buromet tun zamanin Dora Akunyili saboda illarsa ga lafiya, amma duk wanda ya ga irin kumburin wasu burodin dole ya yi tambaya. Wannan ba tudu ba ne ya jawo shi, ba sanyi ba ne, ha'inci ne, kuma irinsa na nan a Kano da Kaduna da ko'ina. Sai dai mu masu saye ma muna da namu kason. Muna son babba, muna son mai araha, in mai gaskiya ya yi ɗan ƙarami mai nauyi ya sa masa kuɗinsa, sai mu ce ya cika tsada mu wuce. Alkamar da ake yin fulawar nan kusan dukanta daga waje ake shigo da ita da dala. Manya za su tuna 1987, da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, burodi ya zama sai wane da wane, mutane suka koma wa masa da ƙosai da kunu har aka ɗage dokar a 1992. Bayan yaƙin Rasha da Yukren a 2022 da cire tallafin mai a 2023, abin ya sake dagulewa. A Fabrairun 2024 matan da ke gurasa a Kano da kansu suka fito zanga-zanga a Ceɗiyar 'Yan Gurasa, suna kukan buhun fulawa ya haura naira 40,000, da yawa sun kashe tanderunsu. Wato can "gidan" ma ba a kan gadon ƙarfe suke kwance ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata sabuwar al'ada da ta shigo mana. In za a yi biki yanzu, sai ka ji uwar amarya na cewa kayan gara daga Kano za a yo oda, alkaki da dubulan da nakiya da gurasa, wai don a fita kunya. A tura kuɗi ta waya, a loda kaya a mota, su yi awa biyar ko shida a hanya cikin zafin but, a je tasha a ɗauko. Alhali a Gangare da Dilimi da Ali Kazaure akwai tsofaffin da suka iya waɗannan abubuwa, wasunsu zawarawa ne, wasu mazajensu a rikicin nan suka tafi suka bar su da marayu. Na san wata tsohuwa da in ta yi miki alkaki sai ya yi wata uku bai canza ba, ta san daidai lokacin da tsamiya da zuma suka kama. 'Ya'yanta mata uku, ba wadda ta koya, don sun ga sana'ar ba ta ciyar da uwarsu ba. Ranar da ta kwanta dama shi ke nan, an binne alkakin tare da ita. Sannan mu zauna a rumfa mu ce mutanen Jos ba su iya ba. Yaya za su iya, bayan kuɗin da zai sa su iya kun aika da shi Kano? Gurasar Jakara ta yi kyau ne don Kanawa sun tsaya suna sayen ta Jakara, ba su aika Tarabulus ba.

Masu kuɗinmu kuma, da ke gina shaguna a titin Bauchi kamar ana gasa, wa ya hana ɗayanku ya gina tanderu biyar, ya ɗauko gwanaye biyu su zauna shekara guda su koya wa yaran unguwa, a gwada a gano irin kwaɓin da ya dace da sanyinmu? Kuɗin bai kai na labulen falon wasunku ba.

Bayan an watse daga walimar nan na shiga cikin gida don in yi wa ƙanwata ban gajiya, na tarar da ita tana lissafin kwanuka. Na ce mata masa ta yi kyau, don Alhaji shi kaɗai ya tashi da faranti biyu, amma ya kushe gurasa, ya ce ba kamar ta Kano ba. Na tambaye ta wace ce ta gasa mata, don in san wadda zan kare. Ta saki baki tana kallona, ta ce, "Yaya, wace irin magana ce wannan? Masar ce aka yi a nan bayan layi. Gurasar ai daga Kano na yo odarta, jiya da daddare direba ya kawo, har kuɗin mota naira 6,000 na biya."